Faransin Sarsan Gado

A Gurbin Zabo, wani ƙauye da ke arewa da Matankari a kan hanyar Dogon Kiriya, an yi wani tsohon soja ana ce masa Gado. Shi ya ƙara wa kansa muƙamin Sarsan, wato saje, sojan Faransa ba su san da wannan zance ba. Wannan kuwa zamanin Nasara ne, bayan babban yaƙi.

Kullum da hantsi Gado na gindin gawo, ya miƙe ƙafafu cikin takalman soja da suka wage baki kamar kada, yana ba da labarin yadda manyan hafsoshi suke kiransa shawara a Fari, babban birnin Faransa. Gaskiyar magana bai wuce barikin Dakar ba, can ɗin ma a madafa ya ƙare yaƙin yana feraye dankali. Faransinsa duka abin da wani kafaran, wato kofur, Nasara mai kula da madafa yake jefa masa ne kowace safiya. Da ya shigo sai ya ce, "Koshon!" wato alade. Gado ya buɗe baki, ya ce, "Tagal!" wato rufe mini baki. Daga nan sai, "Fumalkan!" wato ɓace mini da gani. Tun da da sassafe ake faɗa masa su, kuma ba a taɓa fashi ba, sai Gado ya ɗauka gaisuwa ce: ta farko ina kwana, ta biyu ina gajiya, ta uku sai an jima. Amsarsa ɗaya ce ga kome, "Wi mon kaftan," wato na'am ranka ya daɗe.

Garin yana da lakwal, wato makarantar boko, aji ɗaya na zana da bunu, da malami ɗaya, wanda a can ake kira mushe, wani siririn saurayi ɗan Tibiri ana ce masa Ja'afaru. Lokacin da Kumandan, Nasaran da ke mulkin Dogon Dutsi, ya ce kowane maigari ya kawo ɗiyansa, Maigari Rabo ya tura nasa ruga wurin Fulani, ya kwaso ɗiyan barorinsa ya ce su ne ɗiyan cikinsa. Su ne suka yi ta fama da Faransi har suka kai ga jarrabawar satifika, wadda ake yi a Dogon Dutsi idan damina ta kusa. An je bara-waccan, ba wanda ya ci. An je bara, haka. 'Yan Matankari kuwa suna ta ci, har matansu sun sa abin cikin waƙar daka.

Sai ga gardi, dogarin Nasara, a kan doki da saƙon Kumandan: bana idan lakwal ɗin Gurbin Zabo ta sake dawowa hannu wofi, Rabo ya aiko da rawaninsa. Ana cikin wannan sai kurkunu ya fito wa Mushe Ja'afaru a ƙafa biyu, aka ɗora shi a kan takarkari zuwa gidan likita a Dogon Dutsi, jarrabawa kuwa ta matso.

Maigari ya tara dattawa, ya zabga tagumi. Sai Gado, wanda ba a ma kira ba, ya yi caraf ya karɓe zancen.

"Ranka shi daɗe, mi ag gudun wuta ga wanda yak kwana cikin maƙera? A ba ni yaran. Wanga mushe naku Faransin littahi gare shi. Ni kau a bakin masu abin nis sha shi da ɗumi nai. In ɗaya yah hwaɗi, a aske min gashin baki a tsakar kasuwa."

Liman ya ce, "Gado, ka iya karatun nasu kuwa?"

"Allah shi gafarta Malam, su da sunka iya karatun mi sunka ciwo bara?"

Maigari, da yake wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, ya ce an ba shi.

Da ya koma gida, matarsa Balki tana tankaɗe, ya tsaya a kanta ya ce daga yau a riƙa ce masa Mushe Sarsan.

Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Maigida, kai da ko sunanka da babban yatsa kaka rubuta shi?"

"Babban yatsa shi manya ka amhwani da shi. Ke mi kinka sani? Kin taɓa ganin teku?"

"Ban gani ba. Amma na ga gonarka, ko sassabe ba a yi ba, ga hadari na tasowa."

"Wanda Kumandan za shi ba hannu ba shi riƙon hauya."

"To. Mu ci hannun Kumandan da kaka."

Washegari ya shiga lakwal da sanda a hammata. Yara tara ne za su jarrabawa, babbansu Mani, wani dogo da muryarsa ta fara buɗewa. Gado ya sa aka tattara littattafai aka jibge a lungu, ya fito da yaran fili ya jera su. Suka wuni suna taka ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, har awakin gari suka daina kiwo suka tsaya kallo. Da yamma ya koya musu gaisuwa.

"Nasara ba shi son kome awa ladabi. Kun gaishe shi yadda ya kamata, rabin jarrabawa ta ƙare. Ku ce koshon!"

Mani ya ce, "Mushe Sarsan, Mushe Ja'afaru cewa yay yi bonjur aka cewa."

"Bonjur! Wagga ai gaisuwar talakkawa ta, ita aka yi ma masu ɗaukar kaya. Ni gaisuwar cikin gida nika koya maku, wadda manya ka yi ma junansu. Mushenku ya taɓa shiga inda aka dahwa ma kaftan abinci?"

Yara suka ce bai taɓa ba. Kalmomin nan kuwa babu su cikin littafin karatu, don haka ba su da abin musu. Kafin a jima gari ya ɗauka. Tsofaffi na haɗuwa a bakin rijiya, wannan ta ce, "Koshon, Umma," waccan ta ce, "Tagal, tagal." Maigari da kansa ya fara sallamar baƙinsa da fumalkan.

Saura karatu da lissafi. Nan ma Gado ya ce ya san gajeriyar hanya. Ya sa Mani ya cika babban allon aji da rubutu daga littafi, ya kawo ƙwarya ya wanke allon tas a ciki, ya ce kowa ya kafa kai. Liman ya ji labari ya taho da gudu, carbi na kaɗawa.

"Subhanallahi! Gado, rubutun Nasara kaka ba ɗiyan Musulmi su sha?"

"Malam, jarrabawar ta wa ta?"

"Ta Nasara."

"To da ayar wa za a ci ta? Bara ai taka sunka sha."

Liman ya juya yana ta istigfari. Abin da Gado bai lura da shi ba, allon nan da baƙin tukunya da ƙaro aka shafe shi, ga alli, ga ƙurar shekara da shekaru. Yara suka koma gida da harshe baƙi ƙirin. Wata uwa ta ga bakin ɗanta ta kurma ihu ta ce doguwa ta lashe shi, aka tafi neman masu garaya. Kafin garaya ta iso cikin yara ya ɗauki ruri, suka yi ta zarya tsakanin gida da bayan gari. Iyaye mata suka yi wa gidan Gado tsinke, wata da muciya, wata da taɓarya.

Gado ya leƙo ta saman darni ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, magani na ka aiki! Hausa ta ka hita don Faransi shi samu wurin zama. Tulu guda ba shi ɗaukar ruwa da mai."

Uwar Mani ta ce, "In ɗana ya zawo da Hausa tai duka, da wane baki za shi ce min Inna?"

"Madan za shi ce maki. Ba ki so?"

Ta jefo muciya, ya duƙa, ta sami tukunyar Balki. Balki ta dubi tsingaro ta dubi mijinta ta ce, "Ga ladar mushe ta hwara shigowa."

Da ranar tafiya ta zo, Maigari ya ba da jakai a ɗauki yara. Gado ya ce sam, soja ba ya hawan jaki, da ƙafa za su shiga Dogon Dutsi su ba 'yan Matankari tsoro. Ya sa aka yi musu aski ƙwal, aka shafe kawunan da man shanu don ilimi ya sami santsin fitowa. Shi kuwa ya hau jaki, ya ce hafsa dole ya hangi rundunarsa daga sama. Suka bi rairayi cikin ranar bazara, mai na narkewa yana shiga idon yara, ƙudaje na biye da su kamar an ɗauko nama. Ya ce a bar hanya a yanke ta daji, ya san wajen kamar tafin hannunsa. Suka faɗa cikin ƙarangiya, jakin ya yi tutsu ya ajiye hafsa a tsakiyarta. Sai wasu Fulani masu kiwo suka nuna musu inda dutsen garin yake, ashe baya suka ba shi. Maigari da Liman da Balki da rabin gari, da suka taso a bayansu suka bi hanyar kowa, sun riga su isa har sun sha fura.

Ranar jarrabawa filin babbar lakwal ya cika maƙil, ga 'yan Matankari, ga 'yan Tibiri, ga 'yan kasuwa da suka zo kallo. Mai jarrabawar wani Nasara ne da ya zo daga Yamai, ana ce masa Insifekta, gajere mai tumbi, gumi ya jiƙa masa riga har ana ganin cibiya. Aka shigar da yara aka fara shifta. Labarin da ake karanta musu su rubuta na ƙanƙara ne da ke sauka a kan rufin gidaje lokacin sanyi, a ranar da ko ƙadangare ba ya iya taka ƙasa.

Gado ya ga an bar shi waje, ya lallaɓa ta taga yana raɗa wa yaransa, "Ku rubuta koshon da hwarko!" Gardi ya kore shi. Ya zagaya ta ɗaya tagar, gardi ya sake korarsa, wannan karon da bulala. Sai ya hau wata bishiyar da ke jikin ajin, ya bi reshe har ya hango kawunan yaransa na ƙyalli, ya fara yi musu alama da hannu. Abin da alamar ke nufi shi ma bai sani ba. Reshe ya ce ƙaras. Sarsan ya sauko da ganye da kome a kan randar da aka sanyaya wa Insifekta ruwa, randa ta tarwatse. Ya miƙe jiƙe sharkaf ya ƙame ya sara wa gardi.

Wani ɗan Matankari ya ce, "Gurbin Zabo, wanga shi na mushenku ko gwaggon biri?"

Maigari ya ce, "Tagal," yana nufin ya gaishe shi da gajiya. Wani ma'aikacin gidan waya da ke kusa ya waiwayo ya dube shi da mamaki.

Da la'asar aka zo jarrabawar baki. Saboda zafi aka fito da tebur inuwa, Kumandan da kansa ya zo ya zauna kusa da Insifekta, tafintansa Usman na tsaye a bayansa. Har Mushe Ja'afaru an ɗauko shi daga gidan likita an zaunar a kan tabarma, ƙafafu naɗe da tsumma, don ya ga yaransa. 'Yan Matankari suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bonjur ya amsa abin da aka tambaye shi. Gado ya taɓe baki ya ce wa na kusa da shi, "Ji gaisuwar masu ɗaukar kaya."

Aka kira Gurbin Zabo. Gado ya daka tsawa, yara tara suka taho a jere, hagu, dama, ƙafafu duk kumburi, suka ƙame a gaban tebur. Ya ɗaga sanda. Suka haɗa baki da iyakar ƙarfinsu:

"Koshon!"

Alƙalami ya faɗi daga hannun Insifekta. Ya buɗe baki zai yi magana.

"Tagal!"

Mushe Ja'afaru ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Inna lillahi." Fuskar Insifekta ta yi ja kamar gauta. Gado ya zunguri Maigari ya ce, "Ka gani? Daɗi ya kama shi. Haka suka yi in sun tuna gida." Ya sake ɗaga sanda.

"Fumalkan!"

Kumandan ya miƙe har kujera ta kife. Ya yi magana da ƙarfi, Usman tafinta ya juya ga jama'a ya ce, "Kumandan ya ce, wa yak koya ma yaran ga wagga magana?"

Gado ya ture mutane ya fito, ƙarangiya na manne a wandonsa, ya buga ƙafa ya sara. "Ni na, Sarsan Gado! Koshon, mon kaftan!"

Usman ya matso ya ce a hankali, "Baba, ka san abin da kac ce kuwa?"

"Yaro, tun kana tsumma nika gaisawa da Nasara. Ja da baya, ni da shi ba mu bukatar tafinta."

Usman ya faɗa wa Kumandan haka. Kumandan ya gyara kujera ya zauna, ya ce to, shi zai yi wa Sarsan jarrabawa, Usman kuwa ya riƙa juya wa jama'a. Ya yi tambaya ta farko.

Gado ya ce, "Wi mon kaftan!"

Usman ya ce, "An ce mi as sunan rundunarka. Ya ce na'am."

Kumandan ya sake tambaya.

"Wi mon kaftan!"

"An ce ko ka taɓa riƙa bindiga, ko ludayi kar riƙa. Ya ce na'am."

Mutane suka fara ƙyaƙyatawa. Gado ya ɗauka yabo ne, ya ƙara turo ƙirji. Kumandan ya yi ta uku.

"Wi, wi, mon kaftan!"

"An ce tsakaninka da jakin da yak kawo ka, shi ya hi ka hankali? Ya ce na'am, na'am."

Fili ya kece da dariya, 'yan Matankari har da faɗuwa ƙasa. Usman ya jira aka lafa, sannan ya faɗi ma'anar gaisuwar nan uku da Hausa ɓaro-ɓaro. Tsofaffin Gurbin Zabo suka dubi juna, kowace na tuna sau nawa aka ce mata alade a bakin rijiya ta amsa da fara'a. Gado ya tuna kafaran ɗin madafa, ya ce a ransa, ashe ɗan banzan nan shekara da shekaru zagina yake ina yi masa godiya.

Ba a sha wahalar duba takardun Gurbin Zabo ba. Duk wanda ya fara shiftarsa da koshon, kuma dukkansu sun fara, an soke shi. Kumandan ya sa aka kira Maigari.

Usman ya ce, "Kumandan ya ce, ɗiyanka na sunka zage shi gaban jama'a. Uba shi ka ɗaukar laihin ɗiya nai. Gidan kaso za ka kwana."

Maigari ya zube ƙasa, rawani ya karkace. "Ranka shi daɗe, wallahi ba ɗiyana ba na! Ko ɗaya! Ɗiyan barori na. Nawa suna ruga, ko bonjur ba su taɓa ji ba!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Usman ya juya ta kalma da kalma, bai rage ko gishiri ba. Uwar Mani ta ce daga cikin taro, "Alhamdu lillahi, yau ɗana ya koma ga uba nai."

Kumandan ya yanke hukunci a nan take. Rawani ya zauna a ofishinsa sai an ga jarrabawar baɗi. Yaran nan tara su maimaita shekara. Ɗiyan Maigari na gaskiya, maza da mata, gardi zai je ruga ya kwaso su a sa su aji ɗaya. Sarsan Gado kuwa, tun da yana son Faransi haka, ya zauna tare da su a benci guda har sai ya iya rubuta sunansa. Wani wanzami ɗan Matankari, da labarin alkawarin da Gado ya yi gaban Maigari ya kai masa, ya fito da aska ya ce shi kyauta zai yi aikin. Aka zaunar da Gado a tsakar kasuwa aka sauke gashin bakin.

Bayan damina aka buɗe lakwal, Mushe Ja'afaru ya dawo yana ɗingishi. Gado ya lanƙwashe a bencin gaba, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, ɗiyan Maigari na hagu da dama suna kuka. Dokar lakwal a wancan zamani, duk wanda aka ji ya yi Hausa a aji, ana rataya masa ƙashin muƙamuƙin jaki a wuya, ya yi ta yawo da shi har a kama wani. Gado kuwa ba ya iya rufe baki ko na ɗan lokaci, kuma Faransin da ya sani an hana shi faɗa. Tun ranar farko ƙashin ya hau wuyansa bai sake sauka ba. Yara ba su taɓa jin daɗin shekara irin wannan ba.

Da yamma ya fito da abinsa a ƙirji ya nufi gindin gawo. Dattawa suka zuba masa ido. Ya zauna ya miƙe ƙafafu ya ce, "Kun ga wagga? Lambar girma ta. Duk lakwal mutum guda aka ba, kuma tun da anka buɗe ba wanda yak karɓe ta hannuna."

Balki na wucewa da tulu a ka. Ta tsaya ta dubi ƙashin, ta dubi bakin mijinta.

"Gaskiya nai, ku bar mai abu nai," ta ce. "Ni dai tausayin jakin nika ji. Ya mutu ya huta da kuka, an sake kai haɓa tai inda aka kuka kullum."